Shekarun Da Fara Ta Cinye: Kiristocin Damagaram Da Alkawarin Mayar Da Abin Da Ya Salwanta

Duk wanda ya bi ta gaban majami'u a 'yan kwanakin nan na farkon shekara zai ga ƙyallaye rataye a bango ɗauke da taken sabuwar shekara, wasu da Faransanci, wasu da Hausa. A bana uku na ƙirga a hanyata ta zuwa lekol, biyu daga ciki magana guda suke yi, wai wannan ce shekarar da Allah zai mayar wa bawansa abin da ya rasa. Da ba zan kula ba, don ba yau aka fara ba. Sai dai ranar da muka koma aiki bayan hutu, wata abokiyar aikina Kirista, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta miƙo mini wayarta a gindin dogon yaro lokacin da yara suka fita shan iska.

"Mushe, saurari wannan ka faɗa mini ra'ayinka."

Muryar wani mai wa'azi ce a WhatsApp, daga jin harshensa ka san daga ƙetaren iyaka yake. Yana cewa duk wanda ya turo abin da ya kira "iri", wato kuɗi, kafin ƙarshen wata, Allah zai ninka masa duk asarar da ya taɓa yi tun ba a shekara ba. Ƙanwarta ta riga ta tura jaka ashirin daga jarin da take sayar da ƙosai.

Na ce, "Madam, ni mene ne nawa a ciki, ni da ba littafina ba?"

Ta ce, "Ai kai ka ga gidana ranar nan. Wanda ya ga asarar yana da bakin magana a kan biyan."

Ranar da take nufi ita ce Juma'a 16 ga Janairun 2015. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) mako guda bayan harin da aka kai ofishinta, ga shi kuma mutane na cike da fushin ganin shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, a jerin gwanon birnin Paris na ranar 11 ga wata. Ana saukowa daga masallaci a Damagaram gari ya kama da wuta. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa, aka bi majami'u da gidaje da shagunan Kiristoci, ɗaruruwansu suka kwana a barikin soja. Washegari abin ya koma Yamai, inda 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka cinna wa wuta. Mutum goma suka mutu a garuruwan biyu, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku.

Zanen nan ya yi mini ciwo a lokacin, har gobe kuma yana yi mini. Amma matar da ke koyar da 'yan aji biyu kusa da ajina ba ita ta zana shi ba, ba ta taɓa taka Faransa ba ma. Lokacin ban jima da fitowa daga makarantar horon malamai ba, ina malamin kwantaragi, ita ce ke ranta mini kuɗin hatsi idan albashi ya makara. Da na je gidanta ranar Lahadi, ƙofa a ɓalle, katifu sun zama toka, takardun makarantar 'ya'yanta sun tafi, keken ɗinkinta babu shi. Ni ba malamin addini ba ne, malamin lekol ne, kuma ban ɗauki littafinsu yadda suka ɗauke shi ba. Sai dai Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, kowa na iya dubawa, na kuwa duba wuraren da ta nuna mini, na kuma zauna da wasu dattawan cocinsu. Abin da na gano shi ne gardamar da ke tsakaninsu a kan waɗannan alkawura ta fi ƙarfin abin da ƙyallen bango ke nunawa.

Alkawarin da aka fi rubutawa yana cikin littafin Yowel, babi na biyu. Ƙaramin littafi ne, a zama guda ake karance shi. Fara ce ta sauka a ƙasar, ayari bayan ayari, abin da na farko ya bari na biyu ya cinye, har aka rasa hatsin da za a kai ɗakin ibada. Sai aka yi wa mutanen alkawarin cewa Allah zai biya su shekarun da farar ta ci, ruwa zai sauka a kan lokacinsa, masussuka ta cika.

To mu nan ba a yi mana fassarar fara. Muna soya ta da yaji mu ci, ita ma idan ta samu sarari ta rama. Ina ɗan makaranta farin dango ya sauka a 2004 a kan damina maras ƙarfi, a 2005 muka ga mutane na cin anza. Wanda ya ga wannan ya san shekarar da fara ta ci ba geron rumbu kaɗai ba ne. Akwai awakin da aka karyar a kasuwa, akwai tiyar da aka ranta a bazara za a biya biyu da kaka, akwai yarinyar da aka cire daga lekol, akwai saurayin da ya tafi ci-rani bai dawo ba. Damina mai kyau ta biyo baya, amma yarinyar ba ta koma aji ba. Saboda haka idan an ce za a mayar da shekara, duk manomi ya san ba irin mayar da canji a shago ake nufi ba. Kuma wani abin da masu ƙyalle ba su cika rubutawa ba, kafin a kai ga alkawarin, Yowel ya fara ne da kiran azumi da tuba, ya ce a tara kowa har da jarirai da ango da amarya, kuma tuban ya zama na zuci, ba na yaga riga don a gani ba. Na duba babin sama da ƙasa, ban ga inda aka ce a tura wa wani kuɗi ba.

Wani dattijo a cocinsu, tsohon ma'aikacin likita da ya yi ritaya, shi ya ja hankalina zuwa ga labarin da na fi jin daɗinsa, na Irmiya da Hananiya. Sarkin Babila, Nebukadnezzar, ya kwashe manyan Urushalima da masu sana'arta zuwa ƙasarsa a wajen shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Waɗanda suka rage suna cikin zulumi, sai wani mai suna Hananiya ya miƙe a gaban jama'a a ɗakin ibada ya ce a kwantar da hankali, cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, kayan da aka kwashe da mutanen duk su dawo. Irmiya kuwa yana yawo da karkiyar itace a wuya don nuna wa mutane cewa wahalar mai tsawo ce. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a gaban kowa. Ka san wanda jama'a za su tafa wa a ranar. Irmiya bai yi musu da shi a kan fatan ba, cewa ya yi ma Allah ya sa haka, sai dai mai albishir ba a gane gaskiyarsa sai abin da ya faɗa ya auku. Daga baya ya dawo ya ce karkiyar ƙarfe ce za ta maye ta itacen. Littafin ya ce Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba.

Sannan Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila wasiƙa, ita ce babi na 29. A cikinta ne ayar nan take wadda Kiristoci ke liƙawa a mota da falo, mai cewa nufin Allah a kansu na alheri ne. Dattijon ya ce mini mutane na haddace aya ta 11 su tsallake ta 10, alhali ita ce ta faɗi wa'adin, shekara saba'in. Ma'ana mafi yawan waɗanda aka karanta wa wasiƙar ba za su ga komawa gida da idonsu ba. To me aka ce su yi kafin nan? Su gina gidaje su zauna, su yi lambu su ci, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su kuma nemi zaman lafiyar garin da aka kai su bauta, su yi masa addu'a, don lafiyarsu na ɗaure da tasa.

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, mu ba bayi ba ne a nan, a nan aka binne cibiyarmu. Idan an ce wa bawa ya nemi lafiyar garin ubangidansa, ina ga ɗan gari?"

Wannan ita ce amsar da na fi ganin ta zauna daidai, kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba bisa ƙidayar 2012, amma asibitin Galmi yana karɓar marasa lafiya tun 1950, mafi yawansu Musulmi ne, wasu har daga Najeriya suke tsallakowa. Mutum nawa ne a cikinmu aka yi wa uwarsa aiki a can?

Kada wani ya ɗauka ina yi wa maƙwabta dariya a kan fastocin "iri". Mu ma muna da namu. Wa bai san malamin da ke karɓar rago da turare da jaka hamsin don ya buɗe wa mutum ƙofar arziki cikin kwana bakwai ba? Talaucin ɗaya ne, gaggawar ɗaya ce, mai cin moriyar ne kawai ke sauya riga. Abin da ya fi ba ni haushi a irin wa'azin da Madam ta kunna mini shi ne abin da zai biyo baya. Idan wata ya wuce ba a ga ninki ba, ba za a ce mai wa'azin ya yi ƙarya ba, za a ce wa matar bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Ta yi asarar jari, a kuma ɗora mata laifi.

Masu wa'azin ninki suna kafa hujja da Annabi Ayuba (AS), wanda mu da su muka yi tarayya a kansa. A Alƙur'ani, cikin Suratul Anbiya da Suratu Sad, an ba da labarin yadda ya kai kukansa ga Ubangijinsa aka yaye masa cuta, aka ba shi iyalinsa da kwatankwacinsu tare da su. A littafin Kiristoci, babi na 42 na Ayuba ya kawo lissafi dalla-dalla: tumaki 14,000 maimakon 7,000, raƙuma 6,000 maimakon 3,000, haka shanu da jakuna duk an ninka. Da aka zo kan 'ya'ya, maza bakwai da mata uku aka ba shi, daidai adadin waɗanda gida ya rufta wa. Madam ta ce wannan wurin ta fi tsayawa, domin uwa ta san ɗa ba ya maye ɗa, waɗanda suka tafi suna nan a lissafi. Akwai kuma abubuwa biyu a babin da ban taɓa jin mai neman "iri" ya ambata ba. An juya al'amarin Ayuba ne bayan ya yi wa abokansa addu'a, su da suka kwashe babi da babi suna cewa zunubinsa ne ya ja masa. Sannan 'yan uwansa da tsofaffin abokansa suka zo gidansa suka ci abinci tare da shi, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Gudummawa ke nan, irin wadda muke kai wa wanda gobara ta shafa. Kuɗin zuwa gidan mai asara suka yi, ba daga gidansa suka fita ba.

An sake gina akasarin majami'un da aka ƙone, wasu ma sun fi na da kyau. Amma dattijon ya ce ranar da suka koma nasu, shi kuka ya yi, don yana tuna bencin da mahaifinsa ya sassaƙa da hannunsa, da iyalan da suka bar garin ba su dawo ba. Ya ce ba shi ne farau ba. Lokacin da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 ya bar Yahudawa suka koma, littafin Ezra ya ce ranar da aka kafa harsashin sabon ɗakin ibada matasa na sowa, tsofaffin da suka san na farko na rusa kuka, har ba a iya rarrabe wannan da wancan. Ginin ma sai da ya tsaya shekara da shekaru, ba a gama shi ba sai wajen 515.

Ni dai duk lokacin da ake wannan zance, sassabin zamani ke faɗo mini. Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ne da ya zo jihar Maradi a farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, aikinsa dashen itatuwa. Yana dasawa suna mutuwa, rana da iska da awaki suna gamawa da su. Shi da kansa yana ba da labarin yadda a 1983 ya tsaya a hanya yana rage wa tayoyin motarsa iska don ya wuce rairayi, zuciyarsa ta karaya, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da 'yan tsirran nan da ke ko'ina a gonaki, waɗanda manomi ke sassabewa duk shekara. Ashe toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, ka rage musu ƙananan rassan gefe, ka kare su daga wuta da gatari. Saboda saiwar tsohuwa ce, cikin 'yan shekaru sai ga itace. A yunwar 1984 aka haɗa abin da rabon abinci, manoma da yawa suka yi don dole, da aka daina rabon wasu suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga itacen girki da harawa da gonar da iska ta daina binne wa shuka, maƙwabta suka kwaikwaya. Yau masu bincike na ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, kuma an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Kada a ce baƙo ya koya mana komai. A nan Damagaram ana ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya sa doka mai tsanani a kan sare gawo tun a ƙarni na 19, kuma manoman Musulmi ne suka yi aikin da hannunsu, da kalgo da sabara da gawonsu. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne littafin Ayuba ma ya yi maganar itacen da aka sare, cewa yana da sauran rai, da ya ji ƙanshin ruwa zai toho. Ga mutumin da ya gaskata alkawari, ya yi addu'a, amsar kuma ta zo masa a matsayin aikin wuƙa da haƙurin shekaru.

Saura namu ɓangaren, wanda ba mu cika son ji ba. Shugabannin Kiristoci sun fito sun ce sun yafe tun tokar ba ta huce ba, mu kuma muka ji daɗi muka rufe littafi. Yafiyar wanda aka zalunta ba ta halatta wa ɓarawo kayan da ke ɗakinsa, ko a wane addini. Kujeru da kwanukan rufi da babura da aka kwashe a kwanakin nan biyu ba sama suka tashi ba, gidajen mutane suka shiga, iyaye suka gani suka yi shiru. Suratul Hajji, aya ta 40, ta jera ɗakunan ibadar Nasara da na Yahudawa tare da masallatai a cikin wuraren da Allah ke karewa daga rushewa. Kuma a littafinsu, lokacin da Nehemiya ke gina ganuwar Urushalima, aikin da aka gama cikin kwana 52, sai da ya tsaya ya tara masu kuɗi ya sa suka mayar wa talakawa gonakin da suka riƙe jingina. Bai ce wa talakawan su jira daga sama ba. A 2019 an sake ƙone wani coci a Maradi, alamar cewa darasin bai gama shiga ba. Idan maƙwabcina na jiran Allah ya mayar masa da abin da ya rasa, alhali wani ɓangare na abin yana bayan ɗakin wani a unguwarmu, to ban ga yadda zan ce maganar tasu ce su kaɗai ba.

Keken ɗinkin Madam ya dawo. Bayan kusan wata huɗu da tashin hankalin, da asuba ta buɗe ƙofa ta tarar da shi a jingine, an lulluɓe shi da buhu, ƙafarsa ɗaya a karye. Ba ta san wanda ya kawo ba, ta ce ba ta kuma bincika ba. Makeri ya ɗaure ƙafar, har yanzu da shi take ɗinka wa jikokinta kayan Kirsimeti. Takardun 'ya'yanta kuwa sai da ta shekara biyu tana bin ofisoshi kafin ta haɗa su, babban ɗanta ya rasa shekara guda ta karatu, ya tafi Kwatano bai sake zama a nan ba.

Dangin mijinta sun sha ce mata ta tattara ta koma kudu. Ta ce abin da ya tsayar da ita wani labarin Irmiya ne, a babi na 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare, sai ɗan baffansa ya zo yana tallar gona a garinsu Anatot. Wa ke sayen gona a ƙasar da za a ci gobe? Ya saya, ya auna azurfa shekel 17 a gaban shaidu, ya sa aka ajiye takardar cinikin a cikin tulun ƙasa don ta daɗe. Madam ta shiga adashi a 2017, da ɗaukarta ta biyu ta sayi fili a bayan gari, kan hanyar Mirya. Ba ta fara gini ba tukuna, bulo ɗari uku kawai ta buga. Akwai wani kututturen kalgo a kusurwar filin, leburori sun so su tumɓuke shi ta hana, ta bar masa rassa uku.

Ƙanwarta kuwa ta daina samun mai wa'azin a waya tun makon jiya. Madam ta ranta mata jaka goma ta sayi wake da mai, ranar Laraba na ga kaskonta a bakin titi.